Man nan mai haɗi uku, da inda kowace cuta take zaune a fata

Nas, Garwa:
Assalamu alaikum. Hunturu ya kama, masu ƙorafin fata sun fara yawa, kuma da wuya ka ga wanda ya iso asibiti bai riga ya shafa man nan mai haɗi uku ba, wato man tubi mai magani uku a haɗe. Makero shi, ƙyasbi shi, ƙazuwa shi, har kan yaro mai ƙora an lafta masa. Ina roƙon Likita da sauran manyanmu su warware mana abin daga tushe. Me ya sa mai ɗaya ba zai isar wa waɗannan duka ba, alhali duk ƙaiƙayi ne?

Likitan fata, Ngawundare:
Wa alaikumus salam. Sai an san ginin kafin a san inda yake yoyo. Fata hawa uku ce.

Hawan sama shi ne efidamis. Siriri ne ƙwarai: a fatar ido bai kai kashi ɗaya bisa goma na milimita ba, a tafin ƙafa kuma yakan kai milimita 1.5. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa ƙujewar sama-sama ba ta fitar da jini. Daga gindinsa ake haifar sababbin ƙwayoyin fata, su yi ta hawa, su mutu, su zube, cikin kamar mako 4. Matattun da ke can sama ba shara ba ne. Ku ɗauke su kamar tubali, maiƙon da ke tsakaninsu kuma kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar da ta riƙe ginin. Wannan katangar ce ke hana ruwan jiki fita, ke hana ƙwayar cuta shiga. A gindin hawan nan kuma ƙwayoyin da ke yin melanin suke, wato abin da ke ba fata launi. Yawansu kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari, yawan aikin da suke yi ne ya bambanta.

Hawa na biyu damis ne, shi ne mai ƙwari. Nan kolajin yake, wato zaren da ke ba fata ƙwari, da jijiyoyin jini, da jijiyoyin da ke jin zafi da taɓi, da saiwar gashi, da 'yan jakunkunan da ke fitar da zufa da masu fitar da maiƙo. Duk raunin da ya kai nan sai ya bar tabo. Dalilin ke nan da tsagar gado ba ta gogewa har tsufa: askar wanzami ta wuce hawan da ke sabuntawa. Na uku kitse ne, matashin jiki.

To, ƙyasbi da makero da ƙazuwa duk a matacciyar fatar sama suke zaune, amma masu haddasa su daban. Biyun farko fangas ne, dangin funfunar da ke fitowa a tuwon da ya kwana biyu. Ƙazuwa ɗan ƙwaro ne mai ƙafafu. Ƙora tana cikin silin gashi har zuwa saiwa. Maruru bakteriya ce a gindin gashi, can cikin damis. Kuturta kuwa jijiya take ci.

Mai farmasi, Marwa:
Allah ya ƙara sani, Likita. Bari in buɗe tubin a ga abin da ke ciki, kuma zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don a gane su. Yawanci za ka tarar da bétaméthasone ko clobétasol, wannan shi ne kotikoyid mai ƙarfi, wato maganin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Sai clotrimazole na fangas. Sai gentamicine ko néomycine na bakteriya. Amma ranka ya daɗe, ina da ja a nan. Tunda akwai maganin fangas a ciki, mai makero bai yi asara gaba ɗaya ba. Kuma mu faɗi gaskiya, wanda ya kwana yana susa ba lacca yake so ba, so yake ƙaiƙayin ya kwanta yau. Man nan yana kwantar da shi cikin kwana biyu.

Likitan fata, Ngawundare:
Malam, wannan kwanciyar ita ce tarkon. Jan da kumburin da kake gani a bakin zoben makero, ai jiki ne yake faɗa da fangas ɗin. Clobétasol na daga cikin mafi ƙarfin kotikoyid da ake shafawa, in ya sauka sai ya kwance wa masu tsaron gida ɗamara. Ƙaiƙayi ya tafi, mai shi ya ce ya warke, ya daina shafawa a kwana na biyar. Clotrimazole kuwa yana bukatar mako 2 zuwa 4, safe da yamma. Ka ga an kashe ɗan sanda, an bar ɓarawo da rai. Bayan mako biyu abin ya dawo ya fi da faɗi, zoben ya ɓace, bakinsa ya dushe, har wanda ya san aiki sai ya yi kokwanto in ya gani. Mai shi ya sake sayen tubi. Haka ake zagayen har fatar matsematsi ta yi siriri ta tsattsage.

Makero na jiki clotrimazole 1% zalla ko miconazole 2% yake so. A shafa har a wuce bakin zoben da faɗin yatsa biyu, domin can gefen ne fangas ɗin yake raye, tsakiya ya riga ya cinye. In ya ɓace a ƙara mako guda. In ya mamaye wuri mai faɗi ko ya kama farce, sai na sha.

Mai farmasi, Marwa:
Na karɓa a kan makero. Amma kada a fita daga nan da cewa kotikoyid guba ne. Mai kirci na gaske, wanda fatarsa ke bushewa tana ja tana tsagewa a bayan gwiwa da cikin gwiwar hannu, maganinsa ke nan. Sai dai da awo. In ka matso man daga kan yatsan manuniya zuwa gaɓar farko, wannan kamar rabin giram ne, kuma ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu na babba. Fuska da wuya da matsematsi hydrocortisone 1% kawai, kwana 5 zuwa 7.

Ungozoma, Kusuri:
Ɗana na Marwa, a nan ka yi daidai. Abin da zan ƙara shi ne jarirai. Fatar jariri ta fi ta babba siranta, kuma faɗinta in an gwada da nauyinsa ya fi yawa. Uwa ta shafa mai ƙarfin a ɗuwawu saboda kurajen fitsari, ta rufe da famfas. Rufewar nan tana sa maganin ya shige jini. Kurajen fitsari iska suke so, da yawan canji, da man oxyde de zinc.

Amma ni ƙazuwa ce ta fi damuna, don ita ce ake yi wa maganin rabi da rabi. Alamarta a fili take: ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu, gaban namiji, kan nono. Jariri kuma har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Babbar shaida ita ce a tambaya, a gidan wa da wa ke susa? In an ce uku ko huɗu, magana ta ƙare.

Jami'in lafiya, Injamena:
Gaskiya ne, Inna. Macen ƙwaron ba ta kai rabin milimita ba. Tana haƙa rami a matacciyar fatar sama tana zuba ƙwai 2 ko 3 a rana. Abin mamaki, mutum zai kwana yana yagar jikinsa alhali ƙwarin da ke jikinsa duka ba su wuce 10 zuwa 15 ba. Ba cizo ne ke sa ƙaiƙayin ba, jiki ne ke bore wa ƙwaron da kashinsa da ƙwansa. Shi ya sa wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, yana kuma rabawa. Saboda wannan ne ake cewa a yi wa kowa a gidan magani tare a rana guda, har wanda ya rantse shi lafiyarsa ƙalau.

Ungozoma, Kusuri:
Ga yadda ake yi da benzoate de benzyle. A duba ƙarfin da ke jikin kwalba tukuna, akwai 25% akwai 10%. In 25% ne, babba ya shafa yadda yake. Yaro a haɗa rabi magani rabi ruwa. Ƙasa da shekara 2 kashi ɗaya magani kashi uku ruwa, kuma ma'aikacin lafiya ya faɗi awa nawa zai yi a jiki, don nasu bai kai na manya ba. A yi wanka da yamma, a yanke farce, jiki ya bushe sarai. A shafa daga wuya har tafin ƙafa, ba inda ke ƙaiƙayi kaɗai ba: tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, cibiya, tsakanin ɗuwawu, bayan kunne. Ban da ido da baki da cikin al'aura. Babba ya bar shi awa 24. In ya yi alwala ko ya wanke hannu ya sake shafa wa wurin, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Bayan mako guda a maimaita, don maganin ba ya gamawa da ƙwai duka. Yana yi wa fata raɗaɗi, musamman inda aka sosa, a gaya wa uwa tun farko kada ta tsorata ta wanke. Inda ake samun perméthrine 5% ya fi sauƙi a jiki, a kwana da shi awa 8 zuwa 12.

Kaya da zanen gado a wanke da ruwa mai zafin gaske a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa, bargo ko katifar yaro, a ɗaure a leda aƙalla kwana 3, ƙwaron ba ya daɗewa in ba jikin mutum.

Jami'in lafiya, Injamena:
A gida ɗaya wannan mai yiwuwa ne, Inna. Amma makarantar allo mai almajirai masu yawa a zaure ɗaya, wa zai tsaya ya shafe kowa daga wuya zuwa ƙafa? Ni a ganina nan ivermectine ya fi. Mikirogiram 200 a kowane kilo, wato mai kilo 60 ya sha ƙwaya 4 na miligiram 3, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu. Ban da mai ciki, ban da yaron da bai kai kilo 15 ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma da wannan ƙwayar ake yi wa jama'a magani a taro.

Likitan fata, Ngawundare:
Lissafinka daidai ne, amma akwai tambaya ɗaya da mu na Kamaru ba ma tsallakewa: mutumin nan ya taɓa zama a dazukan kudu ko gabas? Can akwai tsutsar Loa loa, wadda wani ƙuda ke sawa, wadda akan gan ta tana ratsa farin ido. Wanda jininsa ya cika da 'ya'yanta, in ya sha ivermectine yana iya suma, ƙwaƙwalwa ta taɓu, har a rasa shi. A Marwa ko Injamena ba a kamuwa da ita, amma direbobinmu da 'yan kasuwa da masu kai shanu kudu suna shekaru a can. Irin wannan a duba jininsa da rana kafin a ba shi, ko a tsaya a na shafawa.

Wani abu kuma, ƙazuwar da aka sosa ta yi ruwa ta yi ɓawo kalar zuma, bakteriya ta shiga. A fara magance wannan. In bayan mako biyu ko uku fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya koma kalar shayi, ƙoda ce, asibiti a ranar.

Nas, Garwa:
Likita, to ƙora fa? Iyaye na cewa sun shafa clotrimazole zalla wata guda, ba haɗi uku ba, amma kan yana nan fari fat, gashi na kakkaryewa.

Likitan fata, Ngawundare:
Ba zai yi ba ko shekara za a yi. Fangas ɗin yana cikin silin gashi, silin kuma ya nutse cikin damis, inda mai ba ya kaiwa. Dole sai maganin da jini zai kai wa saiwa. Griséofulvine miligiram 20 a kowane kilo a rana, mako 6 zuwa 8. Yaro mai kilo 25 ke nan ƙwaya ɗaya ta 500. A ba shi bayan abinci mai maiƙo, ko da madara ko kunun gyaɗa, don da mai hanji yake ɗaukarsa. Mai ciki ba ta sha. Shamfu na kétoconazole 2% sau biyu a mako yana rage yaɗawa ga 'yan'uwa, amma shi kaɗai ba ya warkarwa. Wani lokaci wurin yakan kumbura ya yi tudu yana tsatsafar da mugunya kamar maruru. Kada a tsaga, ba ruwa ne ya taru ba, jiki ne ya yi bore. In an yi jinkiri saiwar gashi ta mutu, sanƙon ya zauna har abada.

Mai shagon aski, Garwa:
Ranka ya daɗe, tunda an zo kan sana'armu. Abin da aka saba shi ne a fesa wa kan injin alkol a kunna masa wuta ta daƙiƙa biyu. Ido ne kawai ke gamsuwa. Guntayen gashin da suka maƙale tsakanin haƙoran injin su ne ke ɗauke da cutar, kuma wutar ba ta kai musu. Sai an kwance kan, an goge da buroshi, an wanke. Mataji da robobin awo a jiƙa su minti 10 a ruwan jabel. In na 2.6% ne, kofi ɗaya jabel kofi huɗu ruwa. Ƙarfe in ya sha jabel a ɗauraye a busar a ɗiga masa mai, in ba haka ba tsatsa. Reza kowa da tasa. Yaro mai ƙora kuma a aske shi a ƙarshe, ko iyaye su zo da injinsu. Hula da matashi ma ana rabawa a gida, ba mu kaɗai ne masu laifi ba.

Mai farmasi, Marwa:
Ƙyasbi gajeriyar magana ce. Fangas ɗin dama yana jikin kowa, zafi da zufa da maiƙo ne ke sa ya yi yawa. In ka kankara tabon da farce za ka ga ɗan gari-gari. A shafa shamfu na kétoconazole a ƙirji da baya da wuya, a bar shi minti 5 zuwa 10, a wanke, kwana 5 a jere. Launin kan ɗauki watanni kafin ya dawo, wannan ba ya nufin maganin bai ci ba.

Jami'in lafiya, Injamena:
Malam, kada a gajarta ta da yawa. Ba kowane tabo mai haske ne ƙyasbi ba. Tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya gari, ba ya zufa, a gwada shi. Mutum ya rufe ido, a murɗa auduga ta yi tsini, a taɓa lafiyayyar fata ya nuna wurin da yatsa, sannan a taɓa tsakiyar tabon. In bai ji ba, kuturta ake zargi har sai an tabbatar ba ita ba ce. Tana warkewa: rifampicine da dapsone da clofazimine, wata 6 in tabon bai wuce 5 ba, wata 12 in ya fi haka, kuma kyauta ake ba da su tun 1995. Yatsun da ake gani sun gutsure ba cutar ce ta cinye su ba. Jijiya ce ta mutu, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, gyambo ya ci gaba. Wata shida da aka ɓata ana shafa mai ita ce ke kai mutum can.

Haka gyambon da ya ƙi warkewa a fuska ko hannu ga wanda ya fito yankin Mokolo, a tuna da leshmaniya, wadda ɗan ƙaramin ƙuda ke sawa. An daɗe da sanin ta a can.

Ungozoma, Kusuri:
Tunda duk maza ne ke magana, bari in faɗi wadda kuke kewayewa. Rabin dalilin da ya sa tubin nan ke ƙarewa a kasuwa ba ƙaiƙayi ba ne, bilicin ne. Ana matse shi cikin man shafawa, a haɗa da hydroquinone, sinadarin da ke haska fata, a shafe jiki duka safe da dare, musamman in biki ya matso. Kotikoyid yana rage aikin masu yin melanin, yana kuma cinye kolajin. Shi ya sa za ka ga jijiyoyi kore-kore a fili, da faffaɗan nankarwa a hammata da cinya wadda ba ta komawa, da kuraje a fuska, da gashi a haɓa. Fatar ba ta riƙe ɗinki da kyau, wannan mu masu ɗakin haihuwa mun san shi. Hydroquinone kuma in an daɗe sai ya juya, kumatu da goshi su yi baƙi-baƙi kamar an shafa toka, ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Wasu mayukan da sabulai akwai makuri a ciki, wato ƙarfen nan mai guba, yana taɓa ƙoda, yana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki. A watan Agustan 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da irin waɗannan kayan da sayar da su, amma kowa ya san abin da ke kan tebur a kasuwa.

Nas, Garwa:
Inna, to wadda ta shekara uku tana shafawa, ta ce yau ta tuba, ta jefar kawai?

Likitan fata, Ngawundare:
A'a, a nan ake kuskure na biyu. Wadda ta daɗe tana shafe jiki duka, maganin ya shiga jini, 'yan ƙullutun da ke kan ƙoda masu yin kotizol, wato kotikoyid ɗin da jiki ke yi wa kansa, sun yi barci. In ta yanke gaba ɗaya lokaci guda tana iya samun kasala mai tsanani, jiri, amai, jini ya faɗi. Fuskar ma za ta yi ja ta yi zafi ta feso da kuraje, ta koma wa tubin a guje. A hankali ake janyewa cikin makonni, daga kullum zuwa bayan kwana biyu, daga mai ƙarfi zuwa mai sauƙi, a hannun likita, a kuma auna mata suga da hawan jini. Na makuri da hydroquinone su kam a daina nan take. Ta guji rana, ta riƙe man kaɗe ko basilin zalla.

Mai farmasi, Marwa:
Mu koma kan hunturun da aka fara da shi. Yawancin ƙaiƙayin watan nan ba cuta ba ne, katangar da Likita ya faɗa ce ta tsage. Iska ta bushe, ga ruwan zafi, ga soso mai kaushi, ga sabulu mai ƙarfi. Fata tana da ɗan tsami, ma'auninta na pH wajen 5, sabulun wanki kuwa 9 zuwa 10, wato kishiyar tsami, yana wanke maiƙon da ke tsakanin tubalin. Masu zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokitin wanka kullum suna ƙara wa kansu ne. Ruwa mai ɗumi, wanka gajere, sabulu a hammata da matsematsi da ƙafa. A shafa mai tun jiki da danshi, cikin minti uku da fitowa, don mai ba ya kawo ruwa, wanda ke nan yake tsarewa.

Ungozoma, Kusuri:
Sabulun salo fa, ɗana? Kada ka ce mana shi ma a bari.

Mai farmasi, Marwa:
Ban isa ba, Inna. Amma da toka ake yin sa, yana da kaifi. Mai maiƙon fuska a bazara zai ji daɗinsa. Mai kirci da jariri da tsoho a hunturu su sassauta. Faso kuma a jiƙa ƙafa minti 10 da dare, a goge kaushin da dutse a hankali, a cika tsagar da basilin, a sa safa a kwana. Ban da reza. Mai ciwon suga kada ya goge da komai, ya kai ƙafar a duba.

Nas, Garwa:
Tambaya ta ƙarshe, Likita. An yi wa gida maganin ƙazuwa sau biyu yadda Inna ta faɗa, kwana goma sun wuce, uba na cewa har yanzu yana susa. A sake?

Likitan fata, Ngawundare:
A duba jikinsa tukuna. Ƙaiƙayi yakan kai mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, sai fatar sama ta zube da gawarsa da ƙwansa. In babu sababbin kuraje a yatsu da wuyan hannu, a ba shi mai mai laushi da ƙwayar ƙaiƙayi da dare, kada a ƙara benzoate, ƙarin ma ƙona fata yake. In akwai sababbi, a tambaya wa aka tsallake. Sau da yawa akwai wanda ya yi tafiya ranar da aka shafa, ko yaron maƙwabta da ke kwana a tabarma ɗaya da yaran gidan.